Abin da Direba Ya Ji

Daga Gusau zuwa Talata Mafara
ni ke riƙe da sitiyari, su ke riƙe da ƙasa.
Onarabul Makau ya ɗora hula a gwiwa,
Bawale na gefensa, yana tauna biro.

"Ranka ya daɗe, kai musu ƙuduri:
a hana zubar da ciki, daga bakin teku har iyakar Nijar."
"Ba akwai doka tun da ba?"
"Shi ya sa. Wa zai miƙe ya ce a'a?
In abokin karawarka ya yi shiru, ya bi bayanka,
in ya yi tari, mu kai tarin gidan rediyo.
Ba sai ya zama doka ba. Ya dai kai mu ranar zaɓe."

Suka yi dariya. Na kauce wa rami,
na faɗa wani.

Can muka wuce asibitin da Tumba ta kwana,
ƙanwata, wata bakwai, jini ya ɓalle mata.
Nas ɗaya, fitilar waya, ledar jini babu.
Likita, aka ce, sai Litinin.
Ita ɗanta take so. Har zanen goyo ta saya,
mai ruwan ganye.

"To, batun asibitoci fa?" Onarabul na hamma.
"Asibiti kuɗi yake ci.
Wannan kuwa takarda biyu ce da lasifika."

"Kai Lawwali, ka ji wani abu?"
Na ce hanya nake kallo.

Zanen na nan a akwatin Inna,
ko ruwa bai taɓa gani ba.