Lamba Sha Bakwai

A Valdivia ruwa ba ya sallama,
tun Litinin yake zuba, bai ce uffan ba.
Na shiga aji shida rigata na ɗiga,
takardu talatin da ɗaya a ƙirjina
kamar mai kāre jinjiri daga sanyi.
Murhun itace na tari a lungu.
Malama Ximena ta ce, ga baƙuwa daga jami'a,
ba jarrabawa ba ce, ku saki jiki.
Ba wanda ya saki.

Tambayar gajera ce:
rubuta mutum uku da kake so ku haɗa tebur.
Hannuwa suka yi wa takardu katanga,
idanu na satar kallo suna komawa gida.
Minti huɗu, an gama rabon duniya.

Da dare na zauna da shayi mai huce wa kansa.
Ƙa'idar aikinmu: a cire suna, a sa lamba,
kowane yaro ya zama ɗigo,
kowane zaɓi ya zama kibiya.
Lamba huɗu ta sha kibau tara,
ta tsaya tsakiyar shafi kamar beguwa.
Wasu uku sun ƙulle kansu, ba ƙofa ba taga.
Can gefe, lamba sha bakwai:
uku sun fita daga wurinsa,
ba wadda ta dawo.

Na sake ƙirgawa. Na goge tabarau. Na sake.

An ce kada in san ko wane ne,
amma ido ba ya sa hannu a yarjejeniya.
Eliseo ne, na jikin taga,
mai takalmin roba da ya fi ƙafarsa,
wanda ubansa ke fere kifi a kasuwar bakin kogi,
mai gama lissafi kafin alli ya sauka daga allo,
sannan ya kifa littafi ya jira.

Shafi na biyu ya tambaya: me ya sa kake karatu?
Don daɗinsa, don maki, don tsoron gida,
zaɓi daga ɗaya zuwa biyar.
Bai taɓa akwati ko ɗaya ba.
A gefen takarda, da rubutu kamar sawun tururuwa:
don in wani ya kasa,
ya juyo ya tambaye ni.

Na'ura ba ta da gurbin wannan.
Farfesa Oyarzún ya ce, amsar da ta bar layi
a ajiye ta gefe, kada ta ɓata jimilla.
Gaskiyarsa ce. Ni ma na yi wa yaran alkawari
bakina zai zama rijiya mai murfi.
Na wuce Ximena a baranda sau uku,
sunan na kan harshena kamar garwashi,
na haɗiye.

Nuwamba na koma, zagaye na biyu.
Na tarar an hargitsa ajin.
Ba ilminmu ya yi aikin ba:
rufi ne ya yi yoyo ta wajen taga,
aka kafa bokiti, aka ja tebura tsakiya,
kowa ya faɗa inda ya faɗa.

Daren nan na sake zana ɗigona.
Beguwa tana nan da ƙayarta.
Sai ga kibiya ɗaya, siririya,
ta taso daga lamba tara, Millaray mai yawan shiru,
ta ratsa shafin nan duka
ta sauka a sha bakwai.

A rahoto na rubuta abin da alƙaluma suka ce:
bambancin bai kai a ambata ba.
Haka ne kuwa.

Amma na ɗaga takardarta ga fitila.
Ta rubuta sunan, ta goge,
har takardar ta kusa hujewa,
ta sake rubutawa a kan tabon,
wannan karon ta danna fensir.