Baƙuwa a Shafi na Shida

Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin ƙarshe
na babbar likitar Tawa,
can bayan wurin wanki, inda saiwar bedi ta tsaga siminti.
Mai ba da kwatance ba ya faɗin sunana,
sai ya rage murya: wajen masu taɓin kai.
Ni ma har na saba amsawa.

Arzika Nomau, mai ƴar jarida a Yamai,
ya kawo gwaggonsa da barci ya yi wa yaji.
Ran da ta soma minshari ya ce mini,
Tsahara, ina da shafi guda ba kowa a kai,
mai tallar taya ne ya fasa.
Cika mini shi. Babu biya.

Na ce ni allura na iya, sai saurare.
Ya ce to, juye abin da kunnen ya tara.

Dare huɗu na yi, an ɗauke wuta a uku.
Da fitilar salula, a bayan kayen ɗiyata,
na rubuta mazan Adar masu dawowa daga biɗa,
daga Abijan, daga Sabha,
wani da akwati maƙil, wani da leda guda,
su jingina da bango, shayi ya huce a hannu.
Uwa ta ce sammu, aboki ya ce girman kai,
alhali wani abu ne ya karye a ciki,
kuma yana ɗoruwa.
Na sauya sunaye, na sauya ƙauyuka.
Asirin mutum ba gishirin miyata ba ne.

Arzika ya yanke mini layi goma sha biyu,
duk inda na zuba Faransancin lakkwal don a ce na sani.
Kwana biyu ina fushi.
A na uku na gane da wannan bakin
nake yi wa marasa lafiya magana tun farko,
suna gyaɗa kai don kunya.

Jarida ta iso a motar dare.
Rabinta ƙosai aka naɗe da ita, na gani da idona,
sunana ya sha mai har yana sheƙi.
Amma wani malamin makaranta a Kalfu
ya karanta wa ƴan fadarsu,
ran Lahadi sai ga Illa a kan kabu-kabu,
shafin a ninke huɗu cikin hula.
Ya ce, wa ya ba ki labarina?
Na ce ba kowa. Kuna da yawa. Zauna.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ba sallama.
Gidan rediyo sun ce in zo ran Laraba.
Wata likita daga Yamai, wadda da sunanta kawai nake gani a ƙasan takardu,
ta kira ni, ta faɗi sunana daidai,
ta ce akwai taro, akwai kujera,
akwai karatun wata tara in ina so.
Majo, da bai taɓa tako ɗakina ba,
ya aiko da benci biyu da fanka mai tari.
Salamu ta ɗakin haihuwa tana ce mini ƴar jarida,
ban san ko yabo ba ne.

Albashi dai yana nan inda na bar shi.

Mai taya ya dawo da tallarsa,
Arzika ya matsa shi gefe, ya bar mini rabin shafi.
Gidan wani ne, na sani,
baƙo ba ya miƙe ƙafa har bango.
Amma jiya ina wanke hannu
na ji maigadi yana nuna wa wata tsohuwa hanya,
da ƙarfi, kamar mai kiran kasuwa:
bi nan, wuce bedi, ki ce Tsahara kike nema.