Mai Gyaran Agogo Ya Fita Tattaki

Shekara talatin da ɗaya ina Ƙofar Guga,
gilashi a ido, hantsaki a hannu,
ina ciro ƙura daga cikin agogon mutane.
Allurar da ta fi gashin gira siranta
na ɗauke ta hannuna bai yi rawa ba.
Yau maɓallin rigata ya fi ƙarfina.

Amosani bai yi sallama ba.
Ya shigo ta ɗan yatsa kamar mai ɗiban wuta,
ya kwana, ya wuni, ya kira danginsa,
suka raba gwiwa, suka raba kafaɗa,
suka bar mini wuya, wai in riƙa gyaɗa kai.

Da asuba ladan na kira, ni ina lallashin gaɓoɓi
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tada 'ya'yan baƙo.
Ruwan buta sai an sirka.
Sujada ta koma kan kujera.
Ranar farko na yi hawaye, liman ya ce,
"Mati, Wanda kake yi dominSa ya san gwiwar,
Shi ya yi ta."

Me ban gwada ba?
Sassaƙe mai ɗaci, ƙahon Bawale sau bakwai,
man zafin mai mota da lasifika
da ya rantse yana tada gurgu.
Kuɗi suka tafi, kumburi ya gyara zama.
Sai wata likita, sa'ar jikata,
ta juya tafina yadda nake juya agogo,
ta ce, "Baba, ban yi maka alkawarin warkewa ba.
Sauƙi dai: ƙwaya kan lokaci, gashi da ruwan ɗumi,
ga ƙwallon roba, ka riƙa matsawa.
Ƙyauren da ba a buɗewa shi ke tsatsa."

Asabar ɗin nan aka ce tattaki,
daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura.
Hansatu ta sa mini maɓalli,
ta liƙa takarda a ƙirjina.
Kowa da sunan da ya goyo.
Ni na goyo Tabawa mai ƙosai,
wadda matsami ya suɓuce wa bara waccan,
ba ta ƙara ganin bakin titi ba.
Wani saurayi ya goyo uwarsa,
wani direba ya rubuta sunan kansa,
ga yarinya 'yar sha biyu, yatsunta irin nawa.
Ashe ciwon ba ya duba furfura.

Samari suka wuce kamar allurar daƙiƙa.
Ni allurar awa ce:
ba a ganin motsina,
amma ina tafiya.

Ban kai ƙofa ba.
A gindin wata darbejiya gwiwa ta ce ta gama magana.
Na zauna, kwalin gudummawa ya zo ya same ni,
na sa abin da yatsa biyu suka iya tsinta.

Da la'asar na kai wa Tabawa takardarta,
ta jiƙe da gumi, sunan ya zama shuni.
Ta karɓa da bayan hannu, ta daɗe tana kallo.
"Har ina na kai?"
Na ce, "Kin wuce gidan mai."
Ta yi dariya har ta dafe ƙugu.
"To, ka sha ƙwayarka, Mati.
Baɗi ƙofar nake so."