Gawar da Ta Yi Tari

A Ƙaura, inda dogo ya gaji ya tsaya,
nan ta sauka daga tarago,
shekara guda kafin a sauya tuta:
Moris, baƙa wuluk, mai gadon bayan ƙosasshen rago.
Babana Arzika, akawun gyaɗa,
ya biya ta da kakar bana da ta baɗi.

Ni a kan duwatsu huɗu na gaje ta.
Kaji na ƙwai a kujerar gaba,
zanzaro ya yi gini a bakin salansa,
ɓera ya yi sahur da wayoyin wuta.
'Yan'uwa suka ɗauki gona da rumbu,
suka bar mini ita suna ƙunshe dariya.

Nomau bakanike ya ɗaga bonet,
ya daɗe bai ce uffan ba.
"Mi za ka yi da wagga gawa?
'Yan gwangwan na saye da kilo."
Na ce, kai dai rubuta abin da babu.
Ya rubuta a bayan kwalin sukari.
Kwalin bai isa ba.

Gusau suka ce sai Kaduna.
A Fanteka yaro ya dubi hoton,
ya kira maigidansa, shi ma ya kira nasa,
har aka kai ni ga Okwudili,
tsoho mai furfura har a gira.
Ya ce rabonsa da sunan nan tun kafin yaƙi.
Ya hau tsani, ya sauko da kwantak
naɗe a jaridar da ta girme ni.
Na nemi ragi, ya ce,
"Ina za ka je in na hana?"

Kafireta kuwa a Bakalori na tarar da ita,
ɗaure da waya a injin ban-ruwa,
tana shayar da albasar wani.
Sai da na sai masa sabon inji,
na kuma jira ya cire albasar,
don ya ce ba a sauya wa shuka hannu.

Murfin taya ɗaya yana Shinkafi,
mai tsire na zuba yaji a ciki.
Sau uku na wanke shi da toka,
har yau in rana ta buɗe
ƙanshin ƙuli yake.

Abin da kasuwa ta rasa, hannu ya yi.
Jaɓɓi baduku ya rufe kujeru da jar fatar akuya.
Maƙeri ya bugo mariƙin ƙofa,
ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri,
na bar shi haka.

Damina huɗu.
Hajo na jera kwanoni inda rufi ke yoyo,
ba ta ce komai,
sai ɗigon ruwan ke lissafa mini
kuɗin kwanon da na kai Fanteka.

Wata Laraba, bayan la'asar,
Nomau ya tofa yawu a tafi,
ya kama handul ya murɗa.
Shiru.
Ya murɗa. Shiru.
Ya ambaci Allah, ya ambaci uwar ƙarfen.
Sai ta yi tari.
Tari, tari, baƙin hayaƙi,
sannan wata murya ƙasa-ƙasa
kamar dattijo na jan carbi.

Daga cikin gida Gwaggo Tumba,
wadda idonta ya rufe shekara tara,
ta ɗaga murya:
"Arzika ya dawo? Ku aza ruwa."

Ba wanda ya gyara mata zance.
Hajo ta tashi ta aza ruwan.

Yanzu ranar Juma'a nakan fito da ita,
daga gida zuwa tasha, ba gaggawa,
'yan acaba na wuce mu suna fito.
Sitiyarinta na dama,
tun zamanin da ake bin hagu.
Abu ɗaya ya rage a kwalin Nomau:
ɗan hannun sigina da ke fitowa daga kafaɗarta.
Na hagu na ɗagawa, na dama babu.
In zan karya kwana sai in miƙa nawa ta taga,
na ara mata kafin a samu.

Wanda ya gan shi, ko a akurkin kaji ne,
ya tambayi ɗan Arzika a bayan tasha.
Ba zan nemi ragi ba.