Ruwa da Gishiri

Ni ke liƙa sanarwa a allon bakin ƙofa
kowace Litinin, kafin in ta da injin yankan ciyawa.
Shekarata shida a wannan dandalin tarihi,
bayan garin Cleveland, a jihar Tenesi,
inda ƙasa ke da ja kamar an zuba mata galura,
ta kama takalmi, ba ta sakewa.

Ta wannan makon cewa ta yi:
Asabar, saƙar kwando da gorar bakin rafi,
a zo da wuƙa, a zo da haƙuri.
Lahadi, darasin harshen Ceroki, ƙarfe biyu.
Gadar katako a rufe take, ƙafarta ɗaya ta ruɓe,
kada a bi sai an gama gyarawa.

Ba a rubuta cewa barewa ta shiga gonar gwaji ba,
ta cinye masara kunya uku a daren Alhamis.
Harlan Bigmeat ya tsaya yana yi mata faɗa da harshensu,
can ya fashe da dariya, ya ce:
Kakanninta ba su taɓa sa hannu a takarda ba,
shi ya sa ba a kore su sun bar dawa.

Asabar ta zo da yayyafi.
Bas ta iso daga Oklahoma, ta juye mutane.
Yara suka ruga rumfar taro mai rufin katako,
masu kwando suka baje gora suna tsagawa.
Wata tsohuwa ta ware, Geneva Locust,
sanda a dama, wankakkiyar kwalbar zuma a hagu.
Ta ce: Yaro, kai ni idon ruwa.

Yaro! Ni da furfura ta ci rabin gemuna.
Na riƙe mata gwiwar hannu, muka zaga ta bayan gada.

Ruwan shuɗi ne, kamar an narka baba a ƙasansa,
da sanyin da ke sa haƙori tsami.
Ta ce kakar kakarta ta sha a nan tana 'yar tara,
shekarar da sojoji suka zo da bindiga da takarda.
Aka tasa su yamma, a ƙafa, cikin ƙanƙara.
Ta tafi da ƙanne biyu,
ita kaɗai ta kai ga sauka, sauran hanya ta riƙe su,
ba kabari, ba alamar komawa.

Na rasa ta cewa. Na cika mata kwalbar.

Ta ce: Yaya sunansa a bakinku?
Na ce: Ruwa.
Ta juya shi a harshe kamar mai ɗanɗana miya.
Ta ce: Mu, ama.
Na maimaita, ta girgiza kai:
Ka ja shi da yawa, gishiri ka ce.
Gajarta, ka samu ruwa; ja, ka samu gishiri.
Na ce a raina: ashe hawaye ne kaɗai
ke faɗin duka biyun ba tare da kuskurewa.

Na ce: Iya, mu ma muna da mai kama da shi.
Amma.
Shi muke faɗa idan mai ji ya zaci an gama,
alhali da sauran magana tana zuwa.

Ta dube ni, ta dubi jikokinta can nesa,
suna gardama kan wa ya karya sandar wasan ƙwallo,
rabi da Turanci, rabi da abin da aka ce ya mutu.
Ta ɗaure bakin kwalbar tam.
Ta ce: To, riƙe naka, in riƙe nawa.

Litinin na liƙa sabuwa:
an gyara gada, za a sake shuka masara.
Na sunkuya a famfo ina wanke jar ƙasa daga hannuna,
na gwada kalmar a hankali, ni kaɗai.
Har yanzu gishiri nake cewa.