Ƙashi a Cikin Kashi

Ban taɓa ganinta ido da ido ba.
Wata bakwai ke nan a bayan garin Huntly
ina bin gefen gonar sha'ir
da safar hannu da 'yar leda,
ina tsintar abin da ta bari a kan dutse
kamar mai tsintar kuɗi.

Tsoho Lachlan ya rantse ita ce.
Kaji huɗu, ya ce, tun shigowar sanyi,
ya ɗaga yatsu huɗu har gaban hancina.
Bindigarsa na jingine bayan ƙofa,
ruwan shayi na tafasa.
Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Da dare na jiƙa kashin a kofi,
na tace a rariya,
na jawo fitila kusa.
Baki na iya ƙarya. Ciki bai iya ba.

Ga muƙamuƙin ɓeran ciyawa,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
haƙoransa rawaya, a jere, ba wanda ya faɗi.
Ga wani. Ga na uku, a karye.
Gashi ya cuɗe kamar lagwanin fitila.
Ga fiffiken ƙwaro yana ƙyalli,
wannan na daren da farauta ta ƙi.
Ga tsinken ciyawa, wataƙila magani.

Sai farcen zomo.
An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.
Ita ba ta gudu. Kwanto take
a gindin shinge, ƙanƙara na sauka a gadon bayanta,
wutsiya mai zobba a naɗe,
har zomo ya manta da mutuwa
ya fito kiwo.

A ledojin bara zomo ya fi yawa.
Bana ciwo ya shiga ramukansu,
ta koma kan ɓeraye,
sai ta haɗa biyar, shida, kafin cikin ya yi shiru.
Wanda ya saba da tsoka
yanzu yana ƙirga loma.

Leda sittin da uku na buɗe.
Gashin tsuntsu sau biyu kacal,
ƙanana, masu ruwan ƙasa, na 'yan shinge.
Na kaza, ko ɗaya.

Ranar Juma'a na kai masa a murfin kwalba.
Ya sa tabarau, ya daɗe yana juya muƙamuƙin da farce.
Ya ce, waɗannan ne ke huda min buhu?
Na ce su ne.
Ya ce, to wa ya ci kajina?
Na ce wannan ba ya cikin ledata.

Bai ba kowa haƙuri ba.
Ya dai tashi ya nemo guduma da waya
ya nufi akurki yana gunaguni.

Da zan tafi, a kan katangar duwatsu,
ga sabo, yana tururi cikin sanyi.
Na duba hagu, na duba dama.
Ciyawa kawai, tana komawa tsaye.