Kafin Ka Bar Damagaram

Ma'aruf, kashe injin, zo ka zauna.
Termit ba ta gudu, tana inda Allah ya aje ta.
Na ga ka wanke mota har tana ɗaukar ido,
ka rataya carbi a madubi, ka fesa turare.
Rairayi bai san ƙamshi ba, yaro.
Shiga ƙarƙashinta, kwanta rigingine,
ka duba inda take zubar da hawaye.
Ɗigon baƙin mai a garejin nan na Zango
kogi ne bayan Tasker.

Safaya biyu, ba ɗaya ba:
ɗaya ta ƙayar aduwa, ɗaya ta dutsen da ba ka gani ba.
Faci, gam, famfon hannu.
Na lantarki yakan mutu tare da batir,
hannunka kuwa sai ranar da ka cika.
Jak ba ya tsayuwa a yashi sai da matashi,
ga guntun ƙirya can bayan ƙofa, ɗauka.

In kwalta ta ƙare, ƙasa ta yi laushi,
sauka ka rage wa tayoyi iska
har su baje kamar tafin raƙumi.
Mai kumburi shi ke nutsewa,
a mota haka, a mutane ma haka.
In ta kafe, ɗauke ƙafa daga totur,
kabarinta kake haƙa mata.
Shebur, faranti biyu na ƙarfe, sai haƙuri.
Na ƙarshen ne ba a sayarwa a Kasuwar Dole.

Ruwa.
Ƙirga kwanakinka, ninka, ƙara na baƙo,
ƙara na lagireto, ita ma da maƙogwaronta.
Kada ka tara shi a jarka guda.
Raba huɗu, in ɗaya ta fashe
uku su yi maka jaje.

Shekarar da muka kai masu haƙar rijiya arewa,
ni da maigidana Kiyari, Allah ya jiƙan rai,
fambel ya tsinke rana tsaka,
ba inuwa ko ta tsuntsu.
Na buɗe akwati: sifana goma sha biyu, fambel babu.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya zare mazagin wandonsa,
ya tufka shi da igiyar salka, ya ɗaura, ya ce in tayar.
Muka shigo Gure da tafiyar hawainiya,
hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da wando.
Har ya bar duniya, in ya hango ni a tasha
sai ya taɓa ƙugunsa, ya yi gaba.
Ga fambel uku. Na ukun na Kiyari ne.

Sabulun wanki ka sa a aljihu,
in tanki ya tsage, murza masa, zai kai ka gari.
Waya za ta yi shiru tun ba ka yi nisa ba,
to ka san fuskar Gamzaki,
ka san inda Kaza ke fitowa da 'ya'yanta.

Inda za ka kwana, zaɓa tun da sauran rana.
Ban da cikin kwari, ko ya bushe ƙarau,
ruwan da ba a yi a kanka ba shi ke zuwa da dare.
Ja tamfol daga rufin mota, hura gawayi nesa da mai,
dabino, ƙuli, shayi gwargwado.
Da asuba kakkaɓe takalmi,
kunama ma tana son ɗaki.

In abin ya gagara, ta mutu murus,
kada ka bar ta ka kama sawu.
Daga nesa mota ake gani, mutum ɗigo ne.
Zauna a inuwarta, ka ƙona tsohuwar taya,
hayaƙi ya yi maka kira.

Yanzu faɗa min ranar dawowarka,
in rubuta da alli a bangon nan.
Talata?
To, Laraba da hantsi in ban ji ƙugin injinka
ya biyo ta duwatsun Birni ba,
zan tada tsohuwata, mai tari uku kafin ta kama,
in bi sawunka ina faɗa.

Tashi. Ka manta mazurari a kan benci.